Mutuwar Fuju'a da Ciwon Zuciya na Gado: Wa Zai Sanar da Dangi?

 Yau shirinmu na kiwon lafiya zai leƙa Birtaniya da wasu ƙasashe, ya duba cututtukan zuciya da ake gado, waɗanda kan ɗauke matashi yana tsaye da ƙafafunsa, da kuma yadda ake ɗawainiya da iyalin da aka bari.

Ranar 31 ga Agusta 2013, David Frost ya rasu a cikin wani jirgin ruwa yana da shekara 74. Shi ne ɗan jaridar Birtaniyan nan da ya yi suna da hirarsa da tsohon shugaban Amurka Richard Nixon a 1977, daga baya kuma ya yi aiki da tashar Aljazeera ta Turanci. Bugun zuciya ne ya yi ajalinsa. Amma da aka binciki gawar, an ga wani abu na daban: naman zuciyar marigayin ya yi kauri irin na wani ciwo da ake gado. Tun da ba ciwon ne ya kashe shi ba, maganar ba ta isa kunnen matarsa da 'ya'yansa maza uku ba. Babu wanda ya zaunar da su ya ce musu su je a duba su.

Shekara biyu ba su cika ba, a watan Yulin 2015, babban ɗansa Miles ya fita gudun motsa jiki kusa da gidansu a yankin Oxfordshire. Saurayi ne ɗan shekara 31, lafiyayye a idon kowa. Ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba. Binciken gawarsa ya nuna ciwon nan dai na mahaifinsa. Sai a lokacin ne iyalin suka ji abin da aka gani tun 2013.

Abin da ya fi ciwo a wannan labari shi ne babu ilimin da aka rasa. An san ciwon, an san ana gadonsa, an san yadda ake gano shi, akwai kuma hanyoyin kare mai shi. Abu guda aka rasa, wato mutumin da aikinsa ne ya ɗauki labari daga ɗakin binciken gawa ya kai shi gidan mamaci. Iyalin Frost sun haɗa kai da gidauniyar British Heart Foundation, suka kafa asusu da sunan Miles a 2016, da burin tara fam miliyan ɗaya da rabi don faɗaɗa gwajin gado da samar da ƙwararrun ma'aikatan da za su riƙa bin dangi.

Ciwon da ya ci Miles shi ne na kaurin naman zuciya. Bangon ɓangaren hagu na zuciya, wanda ke tura jini zuwa ga dukkan jiki, kan yi kauri fiye da kima, zaren naman kuma su harɗe maimakon su jeru. Kusan mutum 1 cikin 500 na ɗauke da shi, mafi yawansu kuma sukan tsufa ba tare da ya dame su sosai ba. Kaɗan daga cikinsu ne bugun zuciyarsu kan rikice rana ɗaya, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi mutum ya faɗi. Wani likitan binciken gawa a asibitin St George's da ke Landan, Donald Teare, shi ya fito da siffar ciwon a 1958 bayan ya ga irin wannan zuciya a jikin mutum takwas. A ƙarshen rahotonsa ya ƙara cewa ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu, yaro ɗan shekara 16, ya faɗo daga kan keke ya mutu, zuciyarsa kuma iri ɗaya ce da ta 'yar'uwarsa. Ke nan tun ranar farko ciwon ya nuna kansa a matsayin na gida guda. A 1990 ne masu bincike a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Christine da Jonathan Seidman, suka gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa shi.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun ga aikinsa da idonsu. Ranar 26 ga Yuni 2003, a birnin Lyon na Faransa, Kamaru na karawa da Kolombiya, a minti na 72 Marc-Vivien Foé ya faɗi a tsakiyar fili babu wanda ya taɓa shi. Shekararsa 28. Binciken gawa ya nuna kaurin naman zuciya.

Akwai wani rukunin da ya fi wannan wuyar kamawa. A nan naman zuciya lafiya lau yake, matsalar tana cikin lantarkin da ke sa ta bugawa. Kamar gida ne da gininsa ya yi ƙwari, bango babu tsaga, amma wayar wuta a cikin bangon ta lalace, mai kallo daga waje ba zai ga komai ba sai ranar da gobara ta tashi. Idan mai irin wannan ciwo ya mutu, likita zai ɗauki zuciyar ya juya ta, ya yanka, ya duba, ya ce bai ga aibu ba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira Long QT, inda zuciya kan yi jinkirin komawa daidai bayan kowane bugu. Yana samun kusan mutum 1 cikin 2,000. Likitoci biyu 'yan ƙasar Nowe, Jervell da Lange-Nielsen, sun ba da labarin wani gida a 1957: yara shida, huɗu kurame masu yawan suma, uku daga cikin huɗun suka mutu farat ɗaya tun suna ƙanana. Ciwon iri-iri ne, kowane iri da abin da ke tayar da shi. Wani iyo a ruwa ne ko gudu, wani ƙarar agogon farkawa ko ta waya a tsakar dare, ko watannin jego ga mata, wani kuma barci kawai. Na biyu shi ne ciwon Brugada, mai ɗauke da sunan wasu likitoci 'yan'uwan juna daga Sifaniya da suka bayyana shi a 1992. Ya fi kama maza, ya fi kashewa cikin barci, zazzaɓi mai zafi kuma na iya tayar da shi. A Tailan da Filifin da Japan jama'a sun daɗe da sanin samarin da kan kwanta lafiya a wayi gari da gawarsu tun kafin likitoci su gane dalili.

Mutane da yawa na zaton irin wannan mutuwa ta 'yan wasa ce kawai. Wani babban bincike da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan ya bi duk mutuwar fuju'a ta zuciya a tsakanin 'yan shekara 1 zuwa 35 daga 2010 zuwa 2012, ya samu mutum 490. Mafi yawansu suna barci ne ko suna hutawa. Kashi 40 cikin 100 binciken gawa bai nuna dalilin mutuwarsu ba. Da aka gwada ƙwayoyin gadon waɗannan da ba a gane ba, sai aka samu canjin da ke da alaƙa da ciwon zuciya a kashi 27 cikin 100 na waɗanda aka gwada. A Birtaniya, ƙungiyar CRY, wadda Alison Cox ta kafa a 1995, ta ce duk mako matasa 12 'yan ƙasa da shekara 35 ke mutuwa da ciwon zuciyar da ba a san suna da shi ba.

Masu sauraron da suka san sikila za su so su ji bambancin. Sikila sai uwa da uba duk sun ba da ƙwayar kafin yaro ya kamu. Mafi yawan waɗannan cututtuka na zuciya kuwa ƙwaya ɗaya ta isa, daga uwa ko daga uba. Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Haka 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya da shi. Wannan ne ya sa likitocin fannin ke cewa idan matashi ya mutu farat ɗaya, marar lafiyar da ke gabansu shi ne iyalin gaba ɗaya.

To, daga ranar mutuwa zuwa ranar da za a duba ƙanin mamacin, hannuwa nawa labarin zai bi? A Ingila, mutuwar da ba a san dalilinta ba takan je gaban jami'in shari'a mai binciken musabbabin mutuwa. Shi aikinsa ya gano wane ne ya mutu, a ina, yaushe, ta yaya. Lafiyar waɗanda suke raye ba ta cikin hurumin ofishinsa. Shi zai sa likitan binciken gawa ya yi aiki, wanda sau da yawa ba ƙwararre ba ne a kan zuciya, don haka ana so ya tura zuciyar ga ƙwararru irin na cibiyar da Farfesa Mary Sheppard ke jagoranta a St George's. Sannan dole wani ya tuna ya ɗebi jini ko ɗan yankin saifa ya adana a sanyi, domin naman da aka jiƙa a maganin adana gawa ba ya ba da sakamako mai kyau a gwajin gado. Dole kuma a nemi yardar iyali kafin a riƙe wannan samfur, a daidai lokacin da suke cikin ruɗani, in ba haka ba doka ta ce a zubar. Daga nan rahoto ya fita bayan watanni, ya je wurin likitan unguwar mamaci, wanda ƙila bai san iyayensa ko 'yan'uwansa ba, tun da kowa da nasa likitan a nasa garin. Sai an tura su asibitin zuciya, asibitin zuciya ya haɗa su da sashen gado, yaran gidan kuma a kai su sashen yara.

A kowace gaɓa a nan, zaren na iya tsinkewa, kuma babu wanda za a ce ya yi laifi, don kowa ya yi iyakar aikin ofishinsa. Tun 2005 ma'aikatar lafiyar Ingila ta rubuta a cikin ƙa'idojinta na kula da ciwon zuciya cewa a riƙa gano irin waɗannan iyalai ana duba su. Rubutu a takarda bai iya buga waya ba, shi ya sa a farkon shekarun 2020 hukumar lafiya ta NHS da ofishin babban jami'in binciken mutuwa da British Heart Foundation suka fara gwada wani tsari a wasu yankunan Ingila, wanda ginshiƙinsa shi ne naɗa kodineta.

Kodinetan nan galibi ma'aikaciyar jinya ce da ta ƙware a kan zuciya, ko mai ba da shawara kan cututtukan gado. Da zarar ofishin binciken mutuwa ya ga alamar ciwon gado, ita ake sanarwa. Ita za ta tuntuɓi iyalin tun da wuri, ta yi musu ta'aziyya, ta bayyana musu dalilin da ya sa ake neman a ajiye ɗan jinin ɗansu. Ita za ta bi samfurin har ya isa ɗakin gwaji. Ita za ta nemo tsofaffin takardun mamacin, domin wani lokaci amsar na kwance a wani awon zuciya da aka yi masa shekaru biyar baya aka ajiye. Sannan ta zauna da uwa ko uba su zana bishiyar dangi har kakanni: wa ya mutu da ƙuruciya, wa ya nutse a ruwa alhali ya iya iyo, wa ya yi hatsarin mota shi kaɗai a kan miƙaƙƙiyar hanya, wane jariri aka tarar ya mutu a shimfiɗa, wa ake ba maganin farfaɗiya bai taɓa jin sauƙi ba. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, saboda mai Long QT idan ya suma yakan yi fizge-fizge, an kuma sha ɗaukar masu shi a matsayin masu farfaɗiya shekara da shekaru.

Bayan haka sai ta shirya wa iyalin rana guda a asibiti, maimakon kowa ya yi ta zarya shi kaɗai. Gwaje-gwajen ba masu ciwo ba ne. Akwai i-si-ji, wato awon lantarkin zuciya, wanda ba ya wuce mintuna kaɗan. Akwai hoton eko, mai nuna kaurin bango da yadda zuciya ke matsawa. Akwai awo yayin da mutum ke tafiya a kan injin motsa jiki, da ƙaramar na'urar da ake rataya wa mutum ya kwana da ita. Idan ana zargin Brugada, akan yi wa mutum wata allura a gaban likita don a ga ko alamar za ta fito. Binciken da Farfesa Elijah Behr da abokan aikinsa suka yi a Landan ya nuna cewa idan aka duba irin waɗannan iyalai da kyau, akan gano ciwon gado a kusan rabinsu. Wasu binciken a wasu ƙasashe sun samu ƙasa da haka, amma ko mafi ƙarancin adadin ya isa dalilin yin aikin.

Idan an gano ainihin canjin ƙwayar gadon a jinin mamaci, aiki ya yi sauƙi ƙwarai. Kowane ɗan'uwa zai ba da jini ko yawu, a duba wannan canji guda. Wanda ba shi da shi an sallame shi, shi da 'ya'yansa, ya huta da fargaba. Wanda yake da shi a riƙe shi a asibiti, sannan a matsa zuwa nasa 'ya'yan. Idan kuwa ba a gano canjin ba, sai a riƙa maimaita awo, domin ciwon kaurin zuciya yakan ɓoye a yarinta ya bayyana lokacin balaga ko bayanta. Yaro ɗan shekara goma da aka ce lafiyarsa ƙalau yana bukatar a sake duba shi nan da shekara ɗaya zuwa uku. Wa zai tuna da wannan bayan makoki ya watse, an koma harkokin duniya? Rajistar kodineta ce ke tunawa.

Akwai wani shinge da ke gaban kowa, wato sirrin marar lafiya. A yawancin ƙasashe likita ba ya ɗaukar waya haka kawai ya kira ƙanwar majinyacinsa ya ce mata yayanki na da ciwo kaza. Abin da ake yi shi ne a rubuta wasiƙar iyali, a ba mai ciwon ya rarraba wa danginsa. A ƙasar Holan, inda aka daɗe ana wannan, bincike ya nuna ƙasa da rabin dangin ne ke zuwa asibiti a shekarar farko. Wani ba ya shiri da ɗan'uwansa, wata tana jin kunyar a ce daga ɗakinsu ciwon ya fito, wani kuma tsoro ne ya sa ya cusa wasiƙar a aljihu. Faransa ta bi wata hanya: dokarta ta 2011 ta ɗora wa mai ciwon alhakin sanar da dangi, idan kuma ba zai iya ba, ya ba likita izinin aika musu takarda ba tare da ambaton sunansa ba. Kowace hanya aka bi, sai an samu mai bibiya, mai sake kira bayan wata uku ya tambaya a hankali ko wasiƙar ta isa.

Wannan wahala tana biya, kuma tsibirin Newfoundland na Kanada shaida ne. A can akwai zuriyoyin da mazansu ke mutuwa farat ɗaya suna tsakiyar ƙarfinsu, kaka da uba da ɗa, tun ƙarnoni. Masu bincike a Jami'ar Memorial suka bi littattafan coci da bakin tsofaffi suka haɗa bishiyoyin dangi, a 2008 suka gano ƙwayar da ke lalata naman zuciyar. Aka riƙa gwada 'yan gidajen ana dasa wa masu ɗauke da ita ƙaramar na'urar da ke zama ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda idan bugun zuciya ya rikice take girgiza ta da lantarki ta dawo daidai. Mutuwar mazan da aka dasa wa na'urar ta ragu ƙwarai idan aka kwatanta da 'yan'uwansu da ba su samu ba. Irin wannan na'ura, wadda aka fara dasa wa ɗan'adam a 1980 a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ita ce a ƙirjin Christian Eriksen na Denmak, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili a watan Yunin 2021, ya kuma dawo buga ƙwallo a 2022.

Kada mai sauraro ya ɗauka kowa sai an dasa masa na'ura. Mafi yawan masu Long QT ƙwayar magani ce mai araha, irin su furofaranolol, ke tsare su, tare da guje wa magungunan da ke ƙara jinkirta lantarkin zuciya. Wannan jerin ya shafi ƙasashenmu kai tsaye, domin a cikinsa akwai kwinin da kulorokwin da halofantirin na zazzaɓin cizon sauro, da maganin ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin. Mai Brugada kuma ana koya masa ya sauke zazzaɓi da wuri da farasitamol, kada ya bari jiki ya yi zafi sosai.

Wani gargaɗi ya shafi baƙar fata musamman. Yawancin bayanan gadon da ake kwatanta sakamako da su daga Turawa aka tattara. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya gano cewa an sha gaya wa baƙaƙen fata cewa suna ɗauke da ƙwayar ciwon kaurin zuciya, alhali canjin da aka gani abu ne da ya yawaita a jinin 'yan asalin Afirka kuma ba ya cutarwa. Haka i-si-jin lafiyayyen ɗan wasa baƙar fata yakan nuna wasu alamun da a jikin Bature za a ɗauke su ciwo. Don haka sakamakon gwaji ba abin da mutum zai karanta wa kansa a waya ba ne, sai ƙwararre ya haɗa shi da awon zuciya da tarihin gida. Afirka na da nata masana a fannin: marigayi Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town da tawagarsa sun gano wata sabuwar ƙwayar ciwon naman zuciya a 2017, bayan shekaru suna bin wani gida guda a Afirka ta Kudu.

A ƙasar Hausa, mamaci yakan kwanta a makwancinsa cikin sa'o'i kaɗan, kamar yadda addini ya tanada, binciken gawa kuma abu ne da ba kasafai ake yi ba. Ba kowace mutuwar fuju'a ce ta gado ba. Hawan jini da ciwon ƙofofin zuciya da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma idan saurayi ko budurwa suka faɗi babu ciwon fari babu na baya, musamman in an taɓa yin haka a dangi, bayanin da kan zagaya a zaman makoki shi ne jifa, ko sammu, ko iska. Zargi ya faɗa kan kishiya ko maƙwabci, zumunci ya lalace, ƙannen mamacin kuma babu wanda ya kai su awo. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da shi, kuma malamai ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa tawakkali ba.

Rashin binciken gawa bai rufe ƙofa ba, tun da rayayyu ake dubawa. I-si-ji da eko akwai su a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Tsarin gidajenmu ma yana da abin da zai taimaka da abin da zai wahalar. Idan ciwon daga uba yake, kuma yana da mata uku ko huɗu, to 'ya'yan kowane ɗaki rabi da rabi ne, ba ɗakin mamacin kaɗai ba. Inda auren zumunci ya yi yawa, nau'in da ke bukatar ƙwaya biyu, irin na yaran nan kurame na Nowe, ya fi samun hanyar bayyana, don haka yaron da aka haifa kurma kuma yana suma ya cancanci a auna zuciyarsa. Sannan a kusan kowane gida akwai gwaggo ko kaka da ta san wa ya haifi wa, da yadda kowa ya rasu har baya mai nisa, abin da ma'aikatan Turai kan sha wuya kafin su haɗa.

Matan jego ma suna da alaƙa da batun. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton yawan ciwon raunin zuciya bayan haihuwa, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano kuma ya jagoranci babban bincike a kansa a faɗin Nijeriya. Dalilansa da yawa ne, amma wani nazari da aka yi a 2016 kan mata 172 a ƙasashen waje ya samu kashi 15 cikin 100 na ɗauke da irin canjin gadon da ke sa zuciya ta buɗe ta yi rauni. Matar da ta yi wannan ciwo, in akwai mai ciwon zuciya ko mutuwar fuju'a a danginta, ya dace ta faɗa wa likita.

Inda babu kodineta na hukuma, wani a cikin gida ne zai ɗauki aikin, kuma ya fi kyau ya zama wanda ake jin maganarsa. Ya tattara katin asibiti da duk wani awon da aka taɓa yi wa mamacin kafin su ɓace. Ya tambayi waɗanda abin ya faru a gabansu tun ba su manta ba: me yake yi a lokacin, yana gudu ne ko barci, yana zazzaɓi, wane magani ya sha a kwanakin. Ya rubuta sunayen iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya, har da waɗanda aure ko fatauci ya kai Legas ko Agadas ko Kumasi. Bayan sadakar bakwai ko ta arba'in, lokacin da dangi ke haɗe, ya kawo maganar, sannan a je sashen zuciya tare, a ce wa likita a fili: ɗanmu ya rasu farat ɗaya yana da shekara kaza, mun zo a duba mu. Wanda ya taɓa suma yana cikin gudu ko wasa, ko yake jin ciwon ƙirji da bugun zuciya mai ƙarfi in ya motsa, shi kada ya jira arba'in.

Likitocin fannin na kuma koya wa irin waɗannan gidaje abin da za su yi idan wani ya faɗi. Wanda ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, ba ruwa yake bukata a fuska ba, ba kuma hayaƙi ba. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota ko ma'aikacin lafiya. Duk mintin da ya wuce ba a yi haka ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Fabrice Muamba na ƙungiyar Bolton ya faɗi a fili a Landan ranar 17 ga Maris 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, amma saboda an fara danna ƙirjinsa nan take, ba a kuma daina ba har asibiti, ya rayu.

A nan shirin na yau zai dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a duba hawan jini a tsakanin matasa da yadda ake auna shi a gida.